Wurin cika batirin mota a gida

1. Karatu: Warin roba da tsakar dare

A hutun damina na sauka gidan kawuna a Yamai. Kawu ɗan kasuwa ne. Bai daɗe da sayen wata mota ba. Motar ba ta shan isansi, ba ta fitar da hayaƙi, ba ta da rugugin inji. Da lantarki ta ke tafiya. Kullum da marece yaran unguwa su kan taru a ƙofar gida suna kallonta.

Irin wannan mota tana da babban batir a ƙarƙashinta. Idan wutar batir ta yi ƙasa, sai a sake cika shi, kamar yadda a ke cika batirin wayar hannu. An ba Kawu igiyar cika batir tare da motar. Amma igiyar gajera ce, firiz ɗin da ya fi kusa kuma yana cikin falo. Sai Kawu ya ɗauko wata doguwar wayar ƙari, irin wadda a ke naɗewa. Ya warware rabinta, ya bar rabi a naɗe bayan labule. Ya jona mota, ya tafi ya kwanta.

Dare na farko lafiya lau. Na biyu ma haka. A dare na uku, wajen ƙarfe biyu, Inna ta farka. Ta tada Kawu ta ce:

— Alhaji, tashi! Ina jin warin roba.

Muka fito falo da gudu. Hayaƙi na tashi daga bayan labule. Kawu ya suri bokitin ruwa. Na riƙe hannunsa na ce:

— Kawu, kada ka zuba ruwa! Akwai wuta a jikin wayar.

Na ruga wurin kwantar na katse wutar gidan duka. Sa'an nan muka haska da tocila. Wayar ƙarin ta narke, ta dunƙule. Firiz ya yi baƙi ƙirin. Gefen labule ya fara ci. Yara huɗu kuwa suna barci a ɗakin da ke manne da falon.

Da gari ya waye Kawu ya aika aka kira wani mai aikin lantarki, wanda ya koyi sana'ar a makaranta. Bayan sun gaisa, Kawu ya ce:

— Malam, an ce mani akwai wani akwati da a ke kafawa a bango domin cika batirin mota. Shi na ke so, kuma wanda ya fi kowane ƙarfi.

Mai aikin ya yi murmushi ya ce:

— To, Alhaji. Amma kafin mu yi maganar akwati, bari in ga gidan tukuna. Ba a ɗora ma jaki kayan raƙumi.

Ya fitar da takarda da alƙalami. Ya duba kwantar. Ya shiga ɗaki-ɗaki yana rubuta duk abin da ke cin wuta. A cikin wannan darasi za mu bi shi, mu ga abin da ya lissafa da dalilin da ya sa ya lissafa shi.

2. Motar lantarki

Motar lantarki tsohuwar dabara ce. A shekarar 1899 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Camille Jenatzy, ya tuƙa motar lantarki kusa da birnin Paris. Ita ce mota ta farko da ta wuce gudun kilomita 100 a awa. Amma batiran wancan zamani suna da nauyi, wutarsu kuma ba ta kai mota nesa. Shi ya sa motar isansi ta rinjaya har shekaru da yawa.

Batirin litiyom ne ya dawo da motar lantarki. Shi ne irin wanda ke cikin wayar hannu. Ya fi na dā sauƙin nauyi, ya kuma fi shi riƙe wuta. A shekarar 2019 masana uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi suka sami kyautar Nobel.

A shekarar 2024 an sayar da motoci masu cika batir fiye da miliyan 17 a duniya. Fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saye su. A ƙasar Norwe, a wannan shekara, kusan tara cikin goma na sababbin motoci na lantarki ne. A nan Afirka, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin isansi da na gazuwal a shekarar 2024. A garuruwanmu motocin ba su yi yawa ba tukuna. Amma ku da ke cikin aji yau, wasunku za su tuƙa su, wasunku kuma su ne za su ja masu wuta.

3. Ma'auni uku

Ba a ganin lantarki da ido. Domin mu gane shi, bari mu kwatanta shi da ruwan famfo.

Ruwa na fitowa da ƙarfi idan tankin da ke turo shi yana can sama. Ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya shi a ke aunawa da bolt. Wutar da ke shiga gidajenmu ta wajen bolt 220 ce.

Tiyo na iya ɗaukar ruwa kaɗan ko mai yawa. Yawan lantarkin da ke wucewa cikin waya shi a ke aunawa da amfer.

Idan aka ninka bolt da amfer, sai a sami ƙarfin aiki. Shi a ke aunawa da wat.

bolt × amfer = wat

Wat 1000 shi ne kilowat 1.

Sunayen nan uku na masana ne: Volta na Italiya, wanda ya haɗa batir na farko a shekarar 1800, da Ampère na Faransa, da Watt na Birtaniya.

Saura ma'auni ɗaya. Batir kamar randa ya ke. Randa da lita a ke auna ta, batirin mota kuwa da kilowat-awa. Abin da ke cin kilowat 1, idan ya yi aiki awa 1, ya ci kilowat-awa 1. Shi ne abin da kwantar ke ƙirgawa, shi ne kuma a ke biya.

4. Me ya narkar da wayar Kawu?

Igiyar motar Kawu tana jan amfer 10.

220 × 10 = wat 2200

Dutsen guga na jan wajen wat 1000, amma yana kamawa yana saki, guga kuma ba ta daɗewa. Mota kuwa ba ta hutawa. Tana jan wat 2200 ɗinta awa bayan awa har batir ya cika.

Duk wayar da lantarki ke bi tana ɗumama. Siririyar waya ta fi kakkaura ɗumama, kamar yadda ƙaramar ƙofa ke matse jama'a ranar kasuwa. Ku riƙe wannan kuma: idan amfer ya ninka biyu, zafin da ke cikin waya ya kan ninka huɗu.

Mai aikin ya yanka wayar da ta narke ya nuna ma Kawu cikinta. Jan ƙarfen da ke ciki siriri ne, na fitila da rediyo. Ya ce:

— Alhaji, laifi uku aka yi a nan. Waya siririya ce. An bar ta a naɗe, zafinta bai sami wurin fita ba. Firiz ɗin kuma ya tsufa, haƙoransa sun saki. Inda waya ba ta kama da kyau ba, nan zafi ke taruwa.

5. Lissafin gida

Kowane gida yana da iyakar wutar da ya nema daga kamfani. Idan aka wuce iyakar, sai babban dijontar da ke kusa da kwantar ya katse wutar gidan duka. Gidan Kawu kilowat 6 ya nema, wato wat 6000.

Ga abin da mai aikin ya rubuta:

- firiji: wat 150
- fanka 4, kowace wat 75: wat 300
- ƙwan lantarki 10, kowane wat 10: wat 100
- talbijin: wat 100
- dutsen guga: wat 1000
- na'urar sanyaya ɗaki: wat 1350

Jimla: wat 3000

Abin da ya rage: 6000 − 3000 = wat 3000

Sa'an nan ya rubuta hanyoyi uku na cika batir a gida:

- igiyar mota a firiz: amfer 10, wat 2200
- akwatin bango a amfer 16: 220 × 16 = wat 3520
- akwatin bango a amfer 32: 220 × 32 = wat 7040

Ya aza yatsa a kan layi na uku ya ce:

— Wannan shi ne ka ke so, Alhaji. Shi kaɗai ya fi ƙarfin gidanka duka. Da an kunna shi, kowa zai zauna cikin duhu.

Kawu ya ce:

— To, Malam, ƙaramin zai ishe ni kuwa? Batirin nan na kilowat-awa 44 ne.

— Kilomita nawa ka ke yi a yini?

— Daga gida zuwa kasuwa, da kai yara makaranta, ba ya wuce 50.

Mai aikin ya sake lissafi. Mota irin ta Kawu tana cin wajen kilowat-awa 16 a kilomita 100. A kilomita 50 ke nan ta ci 8. Wannan 8 ɗin kawai za a mayar mata kowane dare. Mai ɗibar guga biyu daga randa, guga biyu ya ke mayarwa.

8000 ÷ 3520 = awa 2 da ƴan mintoci

Da dare kuma ba a guga. Idan aka cire wat 1000 na dutsen guga, gidan na cin wat 2000. Saura wat 4000. Akwatin amfer 16 na jan 3520, ya shiga ke nan.

Kawu ya yi dariya ya ce:

— Ashe alƙalaminka ya rage mani kashe kuɗi.

Wanda ke tafiya mai nisa kullum, kamar mai taksi, zai iya bukatar babban akwati. Shi sai ya fara zuwa kamfani ya nemi ƙarin wuta, a sake masa kwantar idan ya kama.

6. Yadda aka kafa akwatin

Aikin ya ci yini ɗaya. Kafin ya taɓa kome, mai aikin ya katse wutar gida, ya kuma gwada da ma'auninsa ya tabbata ta katse. Ga abubuwa shida da ya yi.

Na ɗaya: hanya ta musamman. Ya ja sabuwar waya daga allon raba wutar gida kai tsaye zuwa akwati. Babu fitila ko firiz ko ɗaya a kan wannan hanya. Ta mota ce ita kaɗai.

Na biyu: kaurin waya. Da milimita murabba'i a ke auna kaurin jan ƙarfen da ke cikin waya. Amfer 16 na bukatar aƙalla 2,5. Shi ya sa ta 4, domin hanyar da nisa, garin kuma da zafi. Babban akwati na amfer 32 waya mai kauri sosai ya ke so: dokar aikin lantarki ta Faransa ta ce 10. Ya zura wayar cikin bututun roba domin kada rana ta ci ta, ko ɓera, ko bakin fartanya.

Na uku: dijontar. Ya sa ƙaramin dijontar na amfer 20 a farkon hanyar. Idan wuta ta wuce ƙima, ko wayoyi biyu suka haɗu, zai katse kafin waya ta yi zafi. Dijontar waya ya ke tsarewa.

Na huɗu: mai tsaron rai. Wannan wani makatsi ne dabam. Yana auna wutar da ta tafi da wadda ta dawo. Idan ta dawo da ragi, to ta zurare ta wani wuri, wataƙila ta jikin mutum. Da ragin ya kai miliamfer 30, sai ya katse kafin ƙiftawar ido. Miliamfer kashi ɗaya ne cikin dubu na amfer. Ku duba ƙanƙantar wannan adadi: abin da bai kai amfer ɗaya ba yana iya tsayar da zuciyar mutum. Akwai irin wanda aka yi domin mota, shi a ke sawa. Yana da maɓallin gwaji da a ke dannawa lokaci-lokaci, a ga ko yana aiki.

Na biyar: wayar ƙasa. Wayoyi uku ke cikin bututun. Ja ko ruwan ƙasa ita ke kawo wuta. Shuɗiya ita ke mayar da ita. Mai launin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa. Tana haɗa jikin mota da wani sandan ƙarfe mai tsawon wajen mita 2 da a ke kafawa cikin ƙasa. Idan wuta ta zurare zuwa jikin mota, sai ta bi wannan waya ta shige ƙasa, mai tsaron rai kuma ya katse.

A nan ne aikin ya yi wuya. Busasshen rairayi ba ya karɓar lantarki da kyau. Ƙasa mai laima ta fi karɓa. Da ma'aunin om a ke gwadawa, kuma ƙaramin adadi shi ne mai kyau. A dokar Faransa kada ya wuce om 100. Sandan farko bai isa ba. Sai mai aikin ya kafa na biyu kusa da gindin itacen lemu, inda a ke ban ruwa kullum, ya haɗa su, ya sake gwadawa. Ya gaya ma Kawu a sake aunawa da bazara, lokacin da ƙasa ta bushe sarai. Wasu motoci, idan wayar ƙasa ba ta da kyau, ba su yarda su sha wuta ko kaɗan.

Na shida: wuri. Ya kafa akwatin a ƙarƙashin rumfa, sama da mita ɗaya daga ƙasa, inda ruwan damina ba ya kwanciya. Ya kafa ƙugiya ta rataye igiya domin kada mota ta taka ta, ko awaki su tauna ta. A watan Afrilu zafin Yamai na wuce digiri 40, batirin litiyom kuwa ba ya son zafi. Inuwa na ƙara masa kwana. Ya ƙara da wata na'ura a allon raba wuta mai kare kaya daga tsawa, saboda damina.

7. Mene ne aikin akwatin?

Wutar da ke zuwa gida tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Batir kuwa wuta mai tafiya gefe ɗaya ya ke sha. Na'urar da ke juya wannan zuwa waccan a cikin motar ta ke.

Akwatin bango mai gadi ne. Idan ba a jona mota ba, babu wuta a bakin igiyarsa. Idan aka jona, sai su yi magana da mota ta wata siririyar waya da ke cikin igiyar. Akwati ya gaya ma mota amfer nawa za ta iya ja. Mota ta amsa ta shirya. Sa'an nan ya buɗe mata wuta. Motar kuma ta kan kulle bakin igiyar a jikinta har a gama. Idan wani abu ya ɓaci, akwati ya rufe.

8. Daga ina wutar ke zuwa?

Kamfanin lantarki na ƙasa, Nijelek, an kafa shi a shekarar 1968. Wani kashi na wutar da ya ke rabawa daga Nijeriya ya ke sayo ta. Layi ɗaya na zuwa Yamai ta Birnin Kebbi. Wani na shigowa daga Katsina ta Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Akwai injuna masu shan mai. Akwai tashar gawayin ƙasa ta Anu Araren a jihar Agadas. Akwai kuma tashoshin hasken rana: ta Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, wadda ta fara aiki a 2023. Megawat 1 kilowat 1000 ne.

Lokacin zafi kowa na kunna fanka, wuta ta kan yi ƙaranci, wani lokaci ta ɗauke. Saboda haka mai motar lantarki ba ya jira sai batir ya ƙare. Yana cika shi kaɗan-kaɗan duk daren da akwai wuta. Ya fi kyau kuma ya bari sai dare ya yi nisa, lokacin da bukatar gari ta ragu.

Rana ma na iya taimakawa. Faifan hasken rana mai wat 400 na iya ba da wajen kilowat-awa 2 a yini a ƙasarmu. Faifai 4 ko 5 za su ba da abin da Kawu ke ci kullum. Sai dai da rana su ke aiki, a lokacin kuwa motar tana kasuwa. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya ƙara da batirin ajiya a gida, ko ya cika motar a inda ta ke yini.

9. Abin da za mu riƙe

- Kafin a sayi akwati, a lissafa wutar gida da tafiyar yini.
- Ba a cika batirin mota ta wayar ƙari ko tsohon firiz.
- Mota na bukatar hanyarta ita kaɗai, da waya mai kauri, da dijontar, da mai tsaron rai, da wayar ƙasa.
- Wanda ya koyi aikin ne kaɗai ke yinsa. A Faransa, tun shekarar 2017, doka ta ce akwatin da ya wuce kilowat 3,7 sai mai takardar shaida zai kafa shi.
- Idan kun ji warin roba, ko firiz ya yi zafi, ku gaya ma babba nan da nan.
- Ba a zuba ruwa a wutar lantarki. A katse wuta tukuna. Idan gobara ta kama, a fita waje, a kira masu kashe gobara a lamba 18.
- Idan lantarki ya kama mutum, kada ku taɓa shi. Ku katse wuta. Idan babu hali, a ture wayar da busasshen itace.

Rigakafi ya fi magani.

10. Kalmomi

- kwantar: ma'aunin wutar da gida ya ci. Da Faransanci: *le compteur*.
- firiz: bakin wuta na jikin bango: *la prise*.
- wayar ƙari: doguwar waya mai kai wuta nesa da firiz: *la rallonge*.
- dijontar: makatsin da ke yanke wuta idan ta yi yawa: *le disjoncteur*.
- mai tsaron rai: makatsin da ke yanke wuta idan ta zurare: *le différentiel*.
- wayar ƙasa: wayar da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa: *le fil de terre*.
- akwatin cika batir: *la borne de recharge*.

11. Tambayoyi

1. Me ya tada Inna daga barci?
2. Don me aka hana Kawu zuba ruwa?
3. Faɗi laifi uku da mai aikin ya gano.
4. Me mai aikin ke nufi da ya ce ba a ɗora ma jaki kayan raƙumi? Wane ne jakin, mene ne kayan?
5. Mene ne bambancin aikin dijontar da na mai tsaron rai?
6. Don me aka kafa sandan ƙarfe na biyu kusa da itacen lemu?
7. Don me a ka ce akwatin mai gadi ne?
8. Nuna Malbaza da Gazawa da Agadas a taswirar ƙasarmu.

12. Lissafi

1. Wani injin markaɗe na jan amfer 5 a bolt 220. Wat nawa ke nan?
2. Batirin Kawu na kilowat-awa 44 ne. Idan ya ƙare ƙaf, awa nawa zai ɗauka ya cika da wat 2200? Da wat 3520 fa?
3. Wani gida ya nemi wat 3000. Da dare yana cin wat 900. Zai iya cika batirin mota da wat 2200? Nuna lissafinka.
4. Wata malamar asibiti na yin kilomita 25 a yini da mota irin ta Kawu. Kilowat-awa nawa ta ke ci a yini? A kwana 6 fa?
5. Mu ɗauka kilowat-awa 1 dala 20 ne, litar isansi kuma dala 100. Motar lantarki na cin kilowat-awa 16 a kilomita 100. Motar isansi na shan lita 7. Nawa kowace ta ci? Nawa ne bambancin?
6. Faifan hasken rana ɗaya na ba da kilowat-awa 2 a yini. Faifai nawa malamar tambaya ta 4 ke bukata?

13. Aiki a gida

Tare da babba, ku duba kayan lantarki uku: ƙwan fitila, rediyo, fanka, dutsen guga, ko abin cika batirin waya. A cire su daga firiz tukuna. Ku nemi adadin da ke gaban harafin W a jikinsu, shi ne wat. Ku rubuta, ku tara jimla, ku kawo aji gobe. Wanda babu lantarki a gidansu ya je wurin mai cika batiran waya na unguwa ko na kasuwa, ya gaishe shi, ya tambaye shi wat nawa faifansa ko injinsa ke bayarwa, da waya nawa ya ke cikawa a yini.

Da ido kawai za ku yi wannan aiki. Kada kowa ya buɗe firiz, kada kowa ya taɓa kwantar.